Kunnen Abdulaye

A unguwar Dar es Salam, duk direban taksin da motarsa ta fara shaƙuwa, garejin Abdulaye yake nufa. Abdulaye ba mai na'ura ba ne, kunnensa ne jarinsa. Sai ya dafa dogon ƙarfe a jikin inji, ya kanga ɗaya bakin a kunne, ya rufe ido kamar mai jin wa'azi. Kafin direba ya gama gaisuwa ya ce masa buji, wato filogi, ne ya mutu, ko waya ta tsage, ko bobin mai ba da wuta ya gaji. Amma kafin duk wannan, tambaya ɗaya yake fara yi: “Ina ka sha esansi?”

Amininsa Nasiru ke sayar da esansi, wato fetur, a kwalabe bakin hanyar Goudel. Tare suka zo daga Maraɗi suna samari, kuma a fada ɗaya, wato majalisar hira, suke shan shayi har yau. Abdulaye da bakinsa yake tura masa direbobi. Saboda haka da zarar direba ya ce “wajen Nasiru”, ya cire mai daga cikin abin zargi ke nan.

Sai motoci suka fara dawowa. Ya canza buji, gobe mota ta dawo tana tari. Ya canza bobin, ya wanke karbureta, duk a banza. Direbobi kuwa ba su da riƙon magana. Daga kasuwar Petit Marché har bakin kogi aka baza cewa kunnen tsoho ya mutu. Nasiru ne ya fi kowa nuna tausayi. A fada ya koma ɗaga masa murya kamar yana magana da kurma, yana ce wa mutane, “Ku yi masa haƙuri, shekaru ne.” Abdulaye ya yarda. Har ɗigon man zaitun ya bari matarsa Zuwera ta yi masa a kunne, yana kwance yana tunanin makomarsa, don bai san wata sana'a ba.

Wata Laraba yana kwance bututun mai na wata taksi, esansin ya zubo masa a tafin hannu. Ya jira ya bushe kamar yadda na ƙwarai yake yi nan take. Bai bushe ba. Maiƙo ya bari, da warin kananzir.

“Ina ka sha?” ya tambayi direban.

“Haba baba, wajen Nasiru mana. Ba kai ka ce mu je can ba?”

Abdulaye ya zauna a kan tsohuwar taya, ya daɗe yana kallon hannunsa. Surkin bai ƙona masa rai kamar tausayin ba. Wato Nasiru ya san abin da ke shaƙe motocin, yana kallo ana binne sunan amininsa, har yana taya zuba ƙasa.

Da la'asar ya tsiyayi man a kwalba, ya je fada, ya ajiye ta kusa da butar shayi. Nasiru ya kalli kwalbar, bai tambayi mene ne a ciki ba. Sai ya miƙo kofi, ya buɗe murya yadda ya saba.

“Abdu! Ga shayi!”

Abdulaye bai karɓa ba.

“Rage murya, Nasiru,” ya ce a hankali. “Ina ji sarai.”