Nauyin Barcin Goggo

Goggon mijina ta zo Umara a shekarar da bidiyo ya shigo unguwarmu a Madina, ta kuma ce ba inda za ta, mutuwa ta zo yi. Likkafaninta ma ta wanke shi da Zamzam ta ninke a ƙasan jaka, tana jiran a kai ta Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Masallacin Annabi. Matsalar ita ce Goggo lafiyarta ƙalau. Takan share kwanon tuwo ta bi da dabino, sannan ta yi tagumi ta ce duniya ta ishe ta.

Mu kuwa hankalinmu a tashe yake. Bizarta ta kusa ƙarewa, mijina ɗalibi ne a jami'a, in aka kama ta a gidanmu iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ce za ta tafi, karatun ya bi ta. Ya roƙe ta da aya da hadisi, ta mayar masa da waɗanda suka fi nasa. Ni kam haushinta nake ji, har a fuska.

Wata Juma'a bayan la'asar mijina ya aro na'urar bidiyon da kaset wurin maƙwabcinmu, wani direba ɗan Nijar. An ce masa tarihin wani babban marubucin Turawa ne, shi kuma da ya ji "marubuci" sai ya zaci malami ne mai alƙalami da tawada. Muka zauna, yana karanta Larabcin da ke ƙasan hoton yana juya mana.

Ashe mutumin labaran tsoro yake rubutawa. Riga baƙa, matarsa na ta tari, shi kuma kullum da kwalba a hannu. Goggo ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba malami ba ne, ruƙiyya yake buƙata." Can sai aka nuna ɗaya daga cikin labaransa: wani ya yi dogon suma, aka ɗauka ya rasu, aka rufe shi. Ya farka a cikin akwati yana kartar katako.

Goggo ta ce, "Kwana nawa suka ajiye shi kafin su binne?"

"Kamar uku, Goggo."

"Uku, kuma ba su gane ba?"

Kowa ya san yadda ake yi a Madina: ka cika da hantsi, a sallace ka da azahar, kafin la'asar an dawo ana shan shayi. Kowa kuma ya san barcin Goggo. Katanga ta taɓa faɗuwa a bayan ɗakinta a Kano, sai da ta tashi ta ji labari.

Daga ranar ta daina ƙailula, barcinta na rana. In gyangyaɗi ya ɗauke ta sai ta zabura ta ce, "Ina nan! Da raina!" Ta kafa mini doka: duk ranar da na gan ta shiru, kada in kira kowa sai na sosa mata tafin ƙafa. Rannan barci ya kayar da ita, na gwada. Na yi ta yi, ko motsi. Da ta farka na gaya mata, ta riƙe baki.

"Ba ki iya ba, 'yar nan. Ƙanwata ce kaɗai ta san wurin. Tun muna yara ita ke tashina."

Washegari ta fito da jakarta ta ce a kai ta Jidda ta hau jirgin gida. Mijina, don kara, ya ce, "Goggo, Baƙi'ar fa?" Ta ce, "Allah Ya san niyyata. Amma mutanen nan akwai sauri." Na yi dariya har da hawaye, sai da motar ta tashi na ga gidan ya yi mini faɗi.

Ta ƙara shekaru masu yawa a Kano. Da ajalin ya zo, a barcin rana ya same ta. An ba mu labari cewa mata sun ɗora ruwan wanka, sai ƙanwar tata, tsohuwa tukuf, ta ce kowa ya dakata. Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗora ƙafar Goggo a cinyarta, ta daɗe tana sosa wurin nan tana cewa, "Yaya. Yaya." Sannan ta ajiye ƙafar a hankali, ta ce su shigo.