Fushin Ƙasa da yayarta Rana

Shekarar da rijiyar ƙauyenmu ta ƙafe, can gefen Zermu, ina ɗan shekara tara. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Bayan magariba kakata, Iya Gaji, takan hura wuta ta ɗora ganyen tafasa, ta zaunar da ni da ƙanwata Hadiza, ta ja tatsuniya don mu manta da cikinmu.

Ɗaya ce ta zauna mini. Ta ce Ƙasa ƙanwar Rana ce, kullum tana kewaya yayarta da tulun ƙanƙara a ka. In suna shiri sai ta matso ta sunkuyar da kai, zafi ya narkar da ƙanƙarar, ruwa ya sauko, har hamadar arewa ta zama tafki mai kifi da dorina. In ta yi fushi kuwa, ta miƙe wuya ta ja baya, tulun ya daskare ya riƙe ruwan duniya, rairayi ya cinye tafkin. Wai kakanmu ma, da ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma, ya ga ƙayar kifi cikin yashi.

Na tambaye ta yaushe za su shirya. Ta daɗe tana juya tukunya.

"Maigida, ba mu za mu gani ba. Sha romonka."

Hadiza ba ta kai damina ta gaba ba. Daga nan Iya ta daina tatsuniya, ni kuma na daɗe ina jin haushin amsar nan tata.

Yau ina aiki a Damagaram da masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Wata injiniyarmu ta taɓa yi mini bayani cewa karkatar duniya da hanyarta a kewayen rana suna sauyawa a hankali cikin dubban shekaru, hasken da ke kai wa ƙanƙarar ƙarshen duniya ya ƙaru ko ya ragu, damina ta bi sahu. Ta ce wani ruwan da muke zaƙulowa ma ragowar zamanin da hamada ke da ruwa ne. Sai na tuna tatsuniyar Iya.

Makon jiya mun haƙa a wani ƙauye bayan Damagaram Takaya, kwana shida, muka ci karo da dutse, ko ɗigo babu. Mata na tsaye da jarkoki. Wata tsohuwa ta riƙe mini hannun riga tana tambaya yaushe za mu dawo. Ƙarya ta zo mini har baki. A nan na gane nauyin abin da Iya ta yi, da ta ƙi yaudarar yaro mai yunwa.

Na ce, "Inna, ban sani ba."

Ta saki rigata. Muka naɗe kayanmu suna kallo.