Guɗar da Muka Tarar a Ƙuba

Ana sallame sallar asuba a Harami muka kama hanyar Badar, mu uku: ni, da direbanmu Batakari haifaffen Madina, da wani abokin karatuna a jami'a, mutumin Porto Riko da ya musulunta a Amurka. Abokin nan marubuci ne, da Sifaniyanci yake rubuta labaran mutanensu, amma tun zuwansa Madina ya ajiye alƙalami. Wai labaransa duk raha ce da girkin kakarsa, alhali masu karatu hawayen mutanensa suke nema, talauci da ƙaura. Ga kuma nauyin garin Manzo, ina shi ina rubuta dariya a nan? Ya ƙudurta barin rubutun gaba ɗaya, abin kuwa ya dame ni ƙwarai.

Hanyar Badar sai wanda ya gani. Duwatsu baƙaƙe da jajaye sun tsaya ƙiƙam dama da hagu, kwalta na kurɗawa tsakaninsu. Muka tsaya a wani gidan shayi muka karya da gurasar tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wakensu, ga shayi kamar an narka buhun sukari a ciki. Direba da Hausa ake yi masa magana, da Larabci yake amsawa, sai an zo ciniki Hausar kakanninsa ke dawowa tsaf. Dabino a can araha kamar a ce kyauta.

Muka isa maƙabartar shahidan Badar. Ba gini, ba ado, fili ne da iska, amma tsigar jikina ta tashi. Muka yi sallama da addu'a. Abokina ya ce mini ga shi nan, wannan ƙasa ba ta raha ba ce. Muka koma mota.

A dawowa direba ya ce sai mun biya gidansu a Ƙuba. Muna shiga lungun, wata ƙara ta tsaga iska daga cikin gida. Abokina ya dafe ƙirji yana ta innalillahi, ya kama hannun direba zai yi masa ta'aziyya. Direba ya yi dariya har da riƙe ciki. Guɗa ce, suna ake yi, ƙanwarsa ta haihu.

Bayan mun ci shinkafa da naman rago, aka kai mu gaida kakar gidan, tsohuwa tukuf da ta zo daga Katsina a ƙafa tana amarya, ta Chadi da Sudan, tafiyar shekaru. Direba ya raɗa mana cewa 'ya'ya biyu ta binne a hanya. Abokina ya roƙe ni in tambaye ta wahalar tafiyar. Ina! Hajiya sai labarin jakin da ya cinye hular mijinta, da ranar da ta hango koriyar ƙubbar masallacin Manzo ta saki guɗa har askari ya biyo ta da sanda, ta ce masa ya doka, ita dai ta iso. Tana faɗa tana tuntsira dariya, ba haƙori ko ɗaya.

Abokina ya ce in tambaye ta yaran fa. Ta share ido da gefen mayafi.

"Ɗana, gaya masa suna nan a raina kullum. Amma in wahalar kaɗai zan ba jikoki, me na kawo musu daga gida? Wahala ai ko jakin ya sha."

Na fassara. Wallahi ban taɓa ganin mutum yana kuka yana dariya lokaci guda kamar ranar ba. Abokina ya ce haka kakarsa take, sak.

Mun iso masauki ana kiran magariba, jiki duk ƙura. Ni dai na koyi cewa murnar wanda ya sha wuya ba mantuwa ba ce, gado ce da yake ware wa na baya. Muna cire takalma abokina ya juyo ya ce, "Gobe ka raka ni Ƙuba. Ban tambaye ta launin hular ba."