Layin da Baba Ya Ja a Bakin Aji

Mahaifina Malam Lawal ya yi shekara biyu a makarantar horon malamai zamanin Turawa, ya fito da takardar shaida mai hatimi da kuma tabbacin cewa babu abin da bai sani ba game da yaro. Shi ya sa duk sanda na ji wani yana yabon horon wancan zamani, wai a dawo da shi, raina ke ɓaci. Ni a gidan wanda aka yi wa horon na tashi, labarin kuma daga bakinsa da na mahaifiyata Inna Kubura na ji shi.

An koya masa riƙon alli, da goge allo daga sama zuwa ƙasa, da taku nawa malami zai yi daga ƙofa zuwa tebur. Gwajin koyarwa kuwa a birni suka yi, da 'ya'yan akawu da na ma'aikatan En'e, yaran da tun a gida sun san benci. Darasin da Baturen da ke koya musu ya fi nanatawa shi ne: yaro in zai yi magana da babba ya miƙe tsaye cak, ya dube shi cikin ido, ya ɗaga murya. Wanda ya sunkuyar da kai, ko maƙaryaci ne ko daƙiƙi. Baba ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

A 1952 aka tura shi Unguwar Gajere, wani ƙauye kusa da Yashe, inda aka buɗe elementare mai aji ɗaya. Yara talatin da biyu ne, 'ya'yan manoma da na Fulanin ruga, waɗanda mai gari ya tattaro da ƙyar. An kuma gaya masa baki da baki, in mai duba makarantu ya zo da kaka ya tarar ba su kai ashirin ba, za a rufe, shi ya koma garinsu Kankia ya nemi wata sana'a.

Ranar farko yana shiga, yaran suka zube suka durƙusa, ido a ƙasa. Wato bisa ilmin da ya sha wuya ya samo, Allah ya haɗa shi da maƙaryata da daƙiƙai talatin da biyu cif. Bai karaya ba, bawan Allah. Wata biyu yana fama: tashi, miƙe, dube ni, ƙara murya! Kuma ya yi nasara. Nasarar ce ta kusa cinye shi.

Wata safiya sai ga wani manomi, Dawuda, fartanya a kafaɗa, yana janye da ɗansa Sada.

"Malam, mi ka koya ma yaron ga?"

"Tarbiyya, Baba Dawuda."

"Tarbiyya! Jiya ina zaune da surukaina, ya zo ya tsaya mani bisa kai kamar dogarin haraji, ya zuba mani ido, ya ce 'Ina kwana!' har akuya ta tsinke igiya. Ko jakina ba ya dubana haka."

"Ai haka Turawa suke..."

"To Turawa su ba ka nasu ɗiyan."

Ya ja Sada suka tafi. Hamma, dattijon rugar da ke bayan gari, shi ko ƙorafi bai zo ba, yaransa biyar kawai suka koma bin shanu. Kafin gero ya nuna, goma sha ɗaya suka rage a aji.

Baba ya ɗauko littafin da ya cika a makarantar horo, yana neman inda aka ce ga abin da malami zai yi in iyaye suka kwashe 'ya'yansu. Ya samu yadda ake feƙe fensir, shafi guda. Ya samu zanen ƙuda da sunayen ƙafafunsa.

Inna Kubura, wadda ba ta taɓa riƙe alli ba, ta riga ta ji komai a bakin rijiya da wurin masu tallan nono. Ta ajiye masa fura ta ce, "Malam, da ka je gaida Baffa da sallah, tsaye ka yi?"

"Wannan daban."

"Mi ya sa na mutane ba daban ba ne? Ko kai kaɗai ke da uba?"

Bai sha furar ba. Washegari ya ɗauki kara ya ja layi a ƙasa, daidai bakin aji. Ya ce wa goma sha ɗayan, daga nan zuwa ciki a miƙe, daga nan zuwa waje a durƙusa kamar yadda aka saba. Sannan ya bi gida gida, har ruga. Mai takardar hatimi ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban Dawuda, ya durƙusa gaban Hamma, kai a sunkuye kamar maƙaryaci ko daƙiƙi. Dawuda ya bar shi a durƙushe har ya gama ɗaure damin da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ashe gwiwarka na lanƙwasa." Sada ya dawo ranar Litinin, sauran suka biyo baya kaɗan kaɗan.

Mai duba makarantu ya iso ana cikin hutun tara, yara duk suna waje, ba su cikin layin. Yana sauka daga mota suka zube ƙasa gaba ɗaya. Bature ya yi ja har kunne.

"Malam, wannan muka koya maka?"

"Ranka ya daɗe, in ka tsallaka layin can za su miƙe."

Bai tsallaka ba. Daga inda yake ya ƙirga kawuna, ashirin da bakwai. Makaranta ta tsira. A rahotonsa kuwa ya rubuta cewa malamin ya manta horon da aka ba shi, bai cancanci ƙarin girma ba.

Haka Baba ya zauna a Unguwar Gajere har Turawa suka tafi, kullum da safe yana sabunta layinsa da kara. Ni ma da na isa shiga makaranta na tsallaka shi. Wani abokin karatunsa kuwa da ya riƙe horo sau da ƙafa, ajinsa ya watse cikin damina ɗaya, sai aka tausaya masa aka maida shi birni, yana horar da sababbin malamai.