Takardar Yaya a Bakin Almakashi

Laifina ne, na amsa: ni na zare takardar daga aljihun rigar aikin Yaya, ko dubawa ban yi ba. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin. Malamar Hausa ta ce kowa ya zo da rubutun da ke bayanin wani abu, mu koyi gane tsarinsa: mataki-mataki ne, ko dalili da sakamako, ko kwatanta abu biyu. Wanda ya zo hannu rabbana zai share aji mako guda. Ni kuwa sai da na sa takalmi na tuna.

Wasu sun kawo takardar cikin kwalin magani, wasu yagen jarida mai maiƙon ƙosai. Tawa Malama ta ɗaga tana yabo. Da ta fara karantawa sai na gane abin da na ɗauko. Ashe ƙa'idoji tara ne na tayar da injin silifa, waɗanda ogansu Yaya a wani kamfanin roba na Sharada ya rubuta masa da hannu. Washegari za a gwada shi a kansu. In ya ci, ya huta da ɗaukar buhu, ya zama mai kula da inji. Duk layinmu a Ɗorayi an san da gwajin, har mai shayi yana sa masa albarka.

Kafin in buɗe baki, Malama ta zaro almakashi ta yayyanka takardar, kowace ƙa'ida yanki guda. Haka take koyarwa: ta yayyanka rubutu, ta cakuɗa, ɗalibai su mayar da shi yadda yake. Ogan kuma bai sa lamba ko ɗaya ba. Kukan da na yi, na tabbata har masu gadin kamfanoni can Challawa sun ji. Na zayyana mata komai.

Ta ce, "Share hawayenka, yau darasin naka ne. Nemo mini wanda ya fara da 'da farko'."

Na samo shi, wata yarinya ta samo "a ƙarshe". Sai muka tarar ogan mutum ne mai ƙaunar "daga nan": sau biyar ya rubuta. Aji ya koma kasuwa. Abokin zamana ya dage cewa "cire zobe da agogo" shi ne kusa da ƙarshe, wai don ya fi gajarta. Malama ta tambaye shi ko zai cire zoben ne bayan inji ya tafi da yatsan. Da irin wannan tambaya muka bi sauran: me zai faru in an yi wannan kafin wancan? Mu da ba mu taɓa ganin injin ba, muka yi ta musu kamar mu muka ƙera shi. Muka manna yankunan a bayan kwali da gam.

A gida na iske Yaya ya birkice ɗaki, yana zargin Umma ta wanke masa takarda. Na miƙa kwalin daga nesa, ƙafa ɗaya a waje.

Ya karanta a tsanake, ya ce, "Kun musanya na shida da na bakwai. Da na bi wannan, da na narkar da rabin Sharada."

Ashe tun makon jiya ya haddace su. Ya yi mini ranƙwashi biyu, ɗaya na shida, ɗaya na bakwai. Washegari ya ci gwajin.