Ranar da na ga fuskata a takardar ƙosai

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina fafutukar barin walda a bakin titi in shiga sahun 'yan kwangila, aka ce mini ba mai ba ni aikin rufin sito ko na aji sai ina da lambar haraji. Na yi ta zarya tsakanin Ƙarfi da Funtua har direbobi suka san ni. Yau a ce hotona ya yi duhu, gobe a ce sunan da ke katin ɗan ƙasa bai zo daidai da na banki ba, jibi a ce babu sabis. Ranar da takardar ta fito na kai aka manne ta da roba, na cusa ta can ƙasan akwati, inda ko takardar gonarmu ba ta taɓa samun shiga ba.

Ƙanina da ke bi mini, sana'arsa sayen waken suya a ƙauyuka. Ya samu wani kamfani zai ɗauki kaya masu yawa a hannunsa, amma sun ce ba sa hulɗa da wanda ba shi da lambar haraji, kuma mako ɗaya suka ba shi. Ya same ni a shago.

"Yaya, ara mini lambarka, sau ɗaya tak. Ai ba cinye ta za a yi ba."

Na ce masa lamba ba fartanya ba ce da za a ara a dawo da ita. Duk cinikin da aka yi da ita ni za a rubuta wa, ni za a nema da haraji, in kuma aka samu tangarɗa sunana ne zai ɓaci. Na ce ya zo in raka shi ya yi tasa. Ya ce kafin ta fito an ba wani. Haka kuwa aka yi, cinikin ya wuce shi.

Mahaifiyata ta aika a kira ni. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Yanzu takarda ta fi maka ɗan'uwanka? Nono ɗaya fa kuka sha." Na ce, "Inna, abin sirri ne, ba a bayarwa." Ta ce ita ba ta san wani sirri tsakanin wa da ƙani ba. Daga nan ƙanina ya ɗauke ƙafa daga gidana. In mun haɗu wajen suna ko jana'iza, bakin yatsu yake miƙo mini. Wata biyar muna haka, kuma wallahi abin yana ci na.

A tsakanin nan na nemi aikin rufi a wani ofis. Suka ce in kawo hoto, katin ɗan ƙasa, lambar haraji da ta banki, kowanne kwafi huɗu. Da zan miƙa na tambayi ma'aikacin, "Malam, ina ake adana waɗannan?" Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, nan ofis ne, ba kasuwa ba." Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, jin an ce Alhaji sai na saki jiki na miƙa komai har ina godiya. Aikin ma ban samu ba.

Wata safiya sai ga ƙanina a kan babur. Ya yi sallama a taƙaice, ya miƙo mini ƙunshin ƙosai. Raina ya yi fari, na ce yau sulhu ya zo. Ina buɗewa na yi ido huɗu da kaina. Hotona ne, ya sha mai har yana sheƙi, ga sunana, ga lambar haraji, ga lambar banki, ba ko ɗaya da ta goge.

Ya ce, "A bakin tasha na saya. Ga lambar da ka hana ni, mai ƙosai ta ba ni, har da yaji."

Kafin in yi magana ya ciro wani damin takardu daga buhu. Ashe zama ya yi a gaban matar ya bincike takardunta ɗaya bayan ɗaya, da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne ya saye tarin gaba ɗaya. Nawa na ciki, na wasu bayin Allah na ciki, har da na wata mata mai ɗinkin kayan makaranta. Mai ƙosai ba ta da laifi, ta ce wani masinja ke kawo mata, a kilo take saye.

Muka wuce ofishin tare. Na shimfiɗa wa mai tabarau takardar a kan teburinsa, da maiƙonta da komai. Ko gezau bai yi ba. Ya ce an yi sharar tsofaffin fayil ne, sannan ya ƙara da cewa, "To yanzu me ya ɓace maka? Ai ba ka ma samu aikin ba." Wannan maganar ita ta fi ƙona mini rai. Na faɗi abubuwan da ba zan maimaita a nan ba, sai da ƙanina ya ja ni waje ta hannun riga.

A bayan shagona muka ƙone takardun duka. Muna tsaye muna kallon wutar na ce masa, "Ka ga lambar ƙuru-ƙuru, me ya hana ka kwafe ta?" Ya ce, "Kai ka ce a'a, Yaya. Mai ƙosai ba ta isa ta ce e ba." Na juya kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido. A makon na raka shi muka fara zaryar tasa lambar.

Har gobe ban yi nadamar hana shi ba, kuma ko yau aka tambaye ni ba zan ara ba. Abin da ba ya wuce mini shi ne, na ɓata da ɗan uwata wata biyar, na sha faɗan Inna, a kan sirrin da waɗanda suka tilasta mini kawo shi suka auna a sikeli suka sayar. Yanzu duk kwafin da zan bayar sai na ratsa shi da biro na rubuta ofishin da aka yi shi dominsa, ma'aikata su yi ta harara. Kuma har yau in na sayi ƙosai, ba na kai loma baki sai na buɗe takardar na duba ko fuskar wa ke ciki.