Bi Mwatima a Kan Tudun Yashi

Duk wanda ya taɓa cin abincin rana a tudun yashin da ke cikin teku a gaban garin Fumba ya ci girkin Bi Mwatima, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar dattijuwar nan da ake saukewa da safe da tukwanenta da buhun gawayi, jirgin ruwan ya wuce da baƙi kallon dabbobin ruwan nan da ake kira dolfin, su dawo su tarar da shinkafar kwakwa da gasasshen kifi suna jiransu a ƙarƙashin rumfa. Turawa su yi ta ɗaukar hoto suna cewa wurin nan aljanna ce. Ita dai murmushi take yi, don ta san aljannar tasu kullum sai teku ta haɗiye ta idan ruwa ya dawo.

A bakin tekun nan aka haife ta. Tun tana ƙarama take bin uwarta noman ciyawar teku, ruwa iya gwiwa, wani lokaci iya ƙugu. Amma iyo? Ina! A zamaninsu 'ya mace ba ta faɗawa zurfi, wadda ta gwada kuwa jikinta ya gaya mata. Haka ta girma, ta yi aure, zazzaɓi ya ɗauke mijin, ta raini ɗanta tilo Makame da abin da take samu a gaɓa, ba ta taɓa ɗaga ƙafafunta biyu daga ƙasa a cikin ruwa ba. Ba ta kuma taɓa zaunar da wani ta gaya masa ba. Wa ma ya tambaye ta?

Makame ya tashi kamar kifi. Shi ne yanzu yake tuƙa jirgin wani otal, shi ya samo mata aikin girkin, shi yake sauke ta, shi yake kwaso ta.

Ranar da abin ya faru damina ce, baƙi sun yi ƙaranci, jirginsu kaɗai ya zo tudun. Yana miƙo mata kular ƙanƙara ta ce, "Makame, wata ya cika fa. Ruwan yau da wuri zai dawo."

"Haba Mama, ni za ki koya wa teku? Kafin shinkafarki ta tsotse mun dawo. Ke dai ki rage barkono, jiya wani Bature har da hawaye."

"Tafi can, marar kunya."

Ya ja inji yana dariya.

Shinkafa ta tsotse, kifi ya gasu, ta rufe komai da faranti saboda tsuntsaye. Babu jirgi. Ta yi sallar azahar a kan yashi, tana sallamewa ta ga gefen da aka sauke ta ɗazu ya zama ruwa. Ta ciro waya daga bakin zane ta kira shi. Tana ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta san inda wayarsa take, tana cikin leda a ƙarƙashin bencin jirgi, inji na ruri a kanta. Ta sake kira, ta sake, har haushi ya sa ta zagi wayar.

Kai, mutum da hali! Maimakon ta fara tunanin ranta, abincin mutane ta fara ji. Ta kinkimi tukwane ɗaya bayan ɗaya zuwa tsakiyar tudu, ta ɗora su kan tebur. Tana dawowa ɗaukar murhu ruwa ya riga ta, gawayin ya yi cuu, hayaƙi ya tashi. A nan ne gabanta ya faɗi da gaske.

Ruwan nan ba ya zuwa da hayaniya. Lallaɓowa yake yi ta ko'ina, ya lashi idon sawu, ya koma, ya dawo ya kama ƙwauri. Ta hango wani jirgi can nesa yana wucewa, ta cire mayafinta tana kaɗawa tana ihu har muryarta ta dushe. Baƙin da ke ciki suka ɗago hannu suna mayar mata da gaisuwa, jirgin ya wuce abinsa. Wallahi ta yi kuka.

Da ruwa ya kai ƙugu sai teburin ya jirkice. Ta ga tukunyar shinkafarta tana lilo tana tafiya, farantai na binta. Ta hau kan kular ta rungume sandar rumfa, kular kuma sai zillewa take yi tana neman tashi sama. Kowace igiya ta zo sai ta ɗaga ta kaɗan ta dire. Ta karanta duk abin da ta haddace, ta koma salati, daga baya sunan ɗanta kawai take kira. Ruwa ya kai ƙirji. Kular ta suɓuce ta tafi, ta koma tsaye a kan yatsun ƙafa, haɓa a sama, gishiri na shiga bakinta.

Sai ta ji inji.

Makame ya tsayar da jirgin ɗan nesa da ita, don kada farfela ta naɗe igiyoyin rumfa. Yana tsaye yana haki, kunya ta kama shi, amma da 'yar dariyarsa.

"Mama, ki yafe ni! Dolfin ne suka ƙi fitowa, muka yi ta binsu. Taho, saki sandar ki yi iyo, ga mu nan kusa!"

Ba ta saki ba.

"Mama, ki taho mana!"

Wata igiya ta rufe mata kai. Da ta ɗago ya ga idanunta, dariyar ta mutu. Ya faɗa ruwa da rigarsa. Da ƙyar ya ɓamɓare yatsunta daga sandar, ta shaƙe masa wuya har shi ma ya sha ruwa, baƙi suka taru suka jawo su ciki.

Ta daɗe kwance tana amayar da ruwa. Wata Baturiya ta lulluɓe ta da tawul. Makame ya durƙusa a gabanta, jikinsa na ɗiga.

"Mama, me ya hana ki tahowa?"

"Ban iya ba."

"Ba ki iya me ba?"

"Iyo."

Ya dube ta kamar bai ji ba. "Ke? Ke fa kika koya mini."

"Ina tsaye a gaɓa ina yi maka ihu. Kai ka koya wa kanka."

Ya juya ya dubi inda tudun yake. Babu komai sai kan sandar rumfa, shi ma yana nutsewa. Safiya nawa ya sauke matar nan a wurin nan ya juya jirgi yana fito? Ya tashi ya kama igiyar inji, ya ja bai tashi ba, ya sake ja bai tashi ba. Sai ya zauna ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro, a gaban baƙi.

Bi Mwatima ta gyara tawul ɗin a kafaɗarta.

"Tashi ka tayar da injin nan, Makame," in ji ta. "Mutanen nan ba su ci komai ba."